Damfarar Ƙugiya: Yadda Ake Farautar Kamfanoni da Saƙo Ɗaya, da Hanyoyin Kariya

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, wata tambaya ce da wani ɗan kasuwa ya kawo mini a nan Sokode bayan sallar La'asar. Bawan Allahn nan yana sayar da kayan gyaran motoci, kuma ya yi shekaru yana saro kaya daga wani kamfani a ƙasar waje. Wata rana akawunsa ya sami imel da sunan wakilin kamfanin, mutumin da suka saba da shi, da irin gaisuwar da yake yi, da lambar odar da suka bayar, da adadin kuɗin babu ragi babu ƙari. Abu ɗaya ne kawai sabo a ciki: wai ana bincike a bankinsu, don haka a wannan karon a tura kuɗin zuwa wani asusu daban. Akawu ya tura. Bayan kusan mako biyu sai kamfanin ya kira yana tambayar ina kuɗinsa. Miliyoyin sefa sun tafi.

Tambayarsa biyu ce. Shin ya halatta ya riƙa yankar albashin akawun har ya mayar da kuɗin? Kuma shin bashin kamfanin yana nan a wuyansa, alhali shi ya riga ya fitar da kuɗi daga aljihunsa? Zan dawo kan amsar a ƙarshe in sha Allahu. Amma na ga ya fi amfani mu fara fahimtar yadda abin yake faruwa, domin na ji makamancinsa a Dapaong daga bakin masu motocin dakon kaya da ma'aikatan ƙungiyoyin adashi.

Taru da ƙugiya

Kusan duk mai waya a Togo ya taɓa samun saƙon da ke cewa ya ci wata kyauta, ko kuma an turo masa kuɗi bisa kuskure ta Flooz ko T-Money, wanda yanzu ake kira Mixx by Yas, ya taimaka ya mayar. Wannan aikin mai taru ne. Ya watsa saƙo ɗaya ga dubban mutane, bai san kowa a cikinsu ba, duk wanda ya faɗa shi ne rabonsa. Yawancin mutane sun waye da wannan, domin saƙon yakan zo da rubutu mai kurakurai da alkawarin da hankali ba ya ɗauka.

Wadda muke magana a kanta ta bambanta da wannan. Mai ita kifi ɗaya ya hango, ya san inda yake kwana da abin da yake ci, sannan ya sa masa a bakin ƙugiya. Shi ya sa na kira ta damfarar ƙugiya, kuma kalmar da Faransanci ke amfani da ita ma daga sunan ƙugiya aka samo ta. Saƙon yana zuwa da sunanka, da muƙaminka, da sunan maigidanka, da maganar cinikin da kuke tsakiyar yi. Abin da ake nema a wurinka ɗaya ne daga uku: ka latsa wani adireshi ka rubuta kalmar sirrinka a shafin bogi, ko ka buɗe wata takarda da aka liƙa wa saƙon wadda ke ɗauke da muguwar manhaja, ko kuma ka tura kuɗi da hannunka.

Daga ina suke samun labarinmu?

Mutane da yawa suna zaton ɗan damfara sai ya fasa wata babbar na'ura kafin ya san sirrin kamfani. Mafi yawan lokuta mu ne muke ba shi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Alhaji ya sa hotonsa a Facebook yana filin jirgin Lome zai tafi Umara, to an san mako biyu ba ya gari kuma wayarsa ba ta shiga da sauƙi. Kamfani ya buga sunayen ma'aikatansa da muƙamansu, to an san wane ne ma'aji. Direba ya ɗauki hoton takardar fiton kaya ya sa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu, to an ga sunan mai kaya da na mai fito da lambar kwantena.

Wani lokaci kuma ɓarawon yakan fara da shiga akwatin imel na abokin cinikinka. Ya zauna shiru yana karanta wasiƙunku wata da watanni, har ya koyi salon maganarku, ya san ranar da biya ya kusa. A ranar sai ya tsoma baki. Ko dai ya rubuto daga ainihin akwatin abokin naka, ko kuma ya buɗe wani adireshi mai kama da shi wanda harafi ɗaya ne ya bambanta su, kamar a sa lamba 1 a gurbin ƙaramin harafin l, ko a haɗa r da n su yi kama da m. A ƙaramin gilashin waya, mutumin da ke sauri ba zai lura ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin irin wannan aibi, inda mai ruwaya yakan ambaci wanda ya karɓo daga gare shi da sunan da zai sa a zaci wani amintacce ne. Suna kiran sa tadlisi, kuma ba sa wucewa a kansa sai sun tono ainihin mutumin.

Abin ya iso gida

Kada wani ya ce wannan matsalar Turai ce. A watan Nuwamba na 2022, kamfanin tsaron intanet na Group-IB tare da sashen tsaro na kamfanin Orange sun fitar da rahoto a kan wani gungun ɓarayi masu magana da Faransanci da aka laƙaba wa suna OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 gungun ya kai hare-hare sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin kuɗi da na sadarwa, mafi yawansu a Afirka, kuma Togo tana cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Benin, Burkina Faso, Nijar, Najeriya, Mali, Senegal da Kodebuwa. Abin da aka tabbatar sun sace ya kai dala miliyan 11, wato sama da biliyan 6 na sefa, kuma masu binciken sun ce yana iya kaiwa dala miliyan 30.

Abin lura shi ne yadda suke shiga. Ba su ƙirƙiri wani makami na musamman ba, manhajojin da suka yi aiki da su ana samun su a intanet, wasu ma kyauta. Ƙofarsu ita ce imel da Faransanci mai kyau, wanda aka aika wa zaɓaɓɓun ma'aikata, wani da sunan sanarwa daga ofishin haraji, wani da sunan tallar gurbin aiki a babban bankin BCEAO. Da ma'aikaci ɗaya ya buɗe takardar, sun sami wurin zama. Daga nan sai haƙuri: sukan yi wata 3 zuwa 12 a cikin kwamfutocin wurin suna koyon wane ne ke rubuta biya, wane ne ke amincewa da shi. In sun gama karatu sai su kwashe kuɗin zuwa asusun mutanen da suka ɗauka haya, a cire su a na'urorin ATM, galibi a ƙarshen mako ko ranar hutu, lokacin da ofis ke rufe. A wani harin an yi amfani da asusu sama da 400. A watan Yuli na 2023 hukumar Interpol ta sanar da kama wani da ake zargi jigo ne a gungun, a ƙasar Kodebuwa.

A watan Satumba na 2022 kuma, kamfanin Check Point ya bayyana wani farmakin da ya kira DangerousSavanna, wanda aka shafe kimanin shekara biyu ana kai wa cibiyoyin kuɗi a Kodebuwa, Maroko, Kamaru, Senegal da Togo. Hanyar ita ce dai: imel da Faransanci, maganar aiki ko takardar kuɗi, da adireshi mai kama da na wata sananniyar cibiya.

Manyan duniya ma ba su tsira ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituweniya, Evaldas Rimasauskas, ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga Google da Facebook ta hanyar aika musu takardun neman biya da sunan wani kamfanin Taiwan da suke sayen kaya a wurinsa. A watan Afrilu na 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, mai sayar da injunan Caterpillar, ya latsa wani adireshi ya rubuta kalmar sirrinsa a shafin bogi mai kama da na Microsoft. Cikin 'yan kwanaki aka riƙa aika umarnin biya da sunansa, ma'aikatansa suna biya, har kusan dala miliyan 11 suka fita. An yanke wa Obinwanne Okeke, ɗan Najeriya, ɗaurin shekara 10 a Amurka a 2021 saboda wannan. Hukumar FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan damfarar imel na kasuwanci sun kai asarar dala biliyan 2.9.

To idan gemun waɗannan ya kama wuta, mai sito a Didawure da mai tirela uku a hanyar Sinkase ya kamata su shafa wa nasu ruwa.

Ƙofar da ake shigo mana

Kasuwancinmu tun asali a kan amana aka gina shi. Kakanninmu fatake da suka riƙa bi ta Sokode da goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, da sanin fuska suke ciniki. Akwai mai masauki, akwai dillali, kuma ɗan aiken da ya kawo saƙo an san ɗan wane ne. Yau amanar tana nan amma fuskar ta ɓace. Daga Sokode zuwa tashar jirgin ruwa ta Lome sama da kilomita 300 ne, daga Dapaong sama da 600. Ba mai tashi ya je ya ga mai fito ido da ido don biya ɗaya. Komai ya koma waya, kuma suna da hoton da ke bayyana a waya kowa na iya ɗora su.

Ɗan damfara yana taɓa jijiyoyi huɗu. Akwai gaggawa: a biya kafin ƙarfe huɗu ko kaya su kwana a tasha ana lissafa tara. Akwai tsoro: hukumar haraji za ta rufe shago. Akwai kwaɗayi: an zaɓe ka a wata kwangila ko wani babban aiki. Sai kuma sirri: kada ka gaya wa kowa, tsakanina da kai ne.

Amma a ganina babbar ƙofarmu ita ce kunyar manya. Mun tarbiyyantar da yaranmu cewa in maigida ya yi magana ba a tambaya, kuma wannan ladabi ne mai kyau a muhallinsa. Sai dai ɓarawo ya gane haka. Ya ɗauki hoton Alhaji ya ɗora a sabuwar lamba, ya rubuto wa ma'aji: ina Makka, layina na gida ba ya aiki, tura wa wannan mutumin miliyan biyu yanzu. Yaron zuciyarsa ta ɗarsa, amma yana jin nauyin ya ce, Alhaji, da gaske kai ne? Sai ya tura. Ladabinsa aka yi amfani da shi aka yanke shi.

A nan ya kamata mu tuna cewa bincika labari umarni ne na addini. A aya ta 6 ta Suratul Hujurat Allah Ya umarci muminai su tabbatar da labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cutar da wasu cikin rashin sani su dawo suna nadama, kuma malaman tafsiri da yawa sun ambaci cewa ta sauka ne a kan wani rahoto da ya shafi karɓar zakka. Haka nan ya tabbata cewa Sayyidina Umar ya nemi Abu Musal Ash'ari ya kawo wanda zai shaida masa a kan hadisin neman izini sau uku, Abu Sa'idil Khudri ya je ya shaida, kuma Umar ya bayyana cewa ba tuhumarsa yake yi ba, tabbaci yake so. Idan an nemi shaida daga sahabi kamar Abu Musa ba tare da mutuncinsa ya ragu ba, babu maigidan da zai ce an raina shi don yaronsa ya kira ya tabbatar.

Matakan kariya

Na farko, kuma shi ne uwa: tabbatarwa ta hanya ta biyu. Duk saƙon da ya zo da canjin lambar asusu, ko neman biya na gaggawa, ko sabuwar lambar waya, ba a aiki da shi sai an kira mutumin a tsohuwar lambar da ke rubuce a littafin kamfani. Ba a kiran lambar da ke cikin saƙon, ba a kuma amsa imel ɗin a tambaya, domin ɓarawon ne zai amsa. Ku ne za ku kira, ba ku jira a kira ku ba. Ko murya da hoto yanzu ana ƙirƙirar su. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya yi shakkar wani imel, sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗinsu da abokan aikinsa, alhali duk na'ura ce ta haɗa su. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Taron da mai saƙo ya shirya ba ya zama shaida a kan saƙonsa.

Na biyu: maigida ya ɗaure kansa da wannan doka kafin kowa. Ya tara ma'aikata ya faɗa da bakinsa cewa ko ni na aiko, in ba ku ji ni a lambata da kuka sani ba, kada ku biya, kuma ba zan yi fushi da jinkiri ba. In zai yi tafiya, ya bar wanda zai yanke hukunci a madadinsa da iyakar abin da zai iya fitarwa. Maigidan da ya saba aiko da umarnin biya daga lambobi barkatai, yana kuma faɗa in an tambaye shi, shi da kansa ya share wa ɓarawo hanya.

Na uku: hannu biyu a kan kuɗi. A sa iyaka, duk abin da ya haura ta sai mutum biyu sun amince, mai rubutawa daban mai sa hannu daban, kowa da kalmar sirrinsa da na'urarsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma an saukar da ita ga mutanen da suka fi mu amana. Sabon asusun da ba a taɓa biya a cikinsa ba, a jinkirta shi kwana ɗaya. Sauri ya haifi nawa.

Na huɗu: makulli biyu a kowace ƙofa. Imel, WhatsApp, Facebook da manhajar banki duk suna da tsarin tabbatarwa mai mataki biyu, wanda ko an sace kalmar sirri ba a shiga sai da ƙarin shaida. A kunna shi ga kowa, a fara da maigida da ma'aji. Lambar da ke zuwa ta saƙon waya ta fi babu, amma ana iya yaudarar mutum ya karanta ta, don haka manhajar da ke samar da lamba ta fi ta, ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta kuma ya fi duka. Google ya bayyana a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa sama da 85,000 irin wannan makulli a farkon 2017, ba a sami wanda aka ƙwace wa akwatin aiki ta wannan hanya ba. Kuma a sani: babu banki ko kamfanin waya da zai kira ka ya nemi lambar sirrinka. Wanda ya nema ɓarawo ne, ko da ya san sunan mahaifiyarka.

Na biyar: tsabtar na'urori. Kwamfutar da ake biya da ita kada a riƙa buɗe kowane imel ko kallon fina-finai a kanta. A daina sa manhajojin sata da ake kwafowa a kasuwa, domin sau da yawa da ƙwayar cutarsu suke zuwa. In na'ura ta nemi sabuntawa a sabunta. Kowane ma'aikaci ya sami izinin abin da aikinsa ke bukata kawai, wanda ya bar aiki kuma a rufe ƙofarsa a ranar. A ajiye kwafin muhimman bayanai a wani wuri da ba ya haɗe da intanet. Lokaci zuwa lokaci a duba saitin akwatin imel, domin ɓarayi sukan kafa umarnin da ke tura musu kwafin wasiƙu ko ya ɓoye amsoshin da za su tona su.

Na shida, ga kamfanoni masu ƙarfi, bankuna, asibitoci, ƙungiyoyin adashi da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar Savanes: a mallaki adireshin imel na kamfani maimakon kowa ya yi aikin ofis da akwatinsa na kansa, a kuma sa masani ya kafa saitunan nan uku da ake kira SPF, DKIM da DMARC. Aikinsu aikin hatimi ne, suna sa ya yi wuya wani ya aika wasiƙa da sunanku. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi zoben hatimi na azurfa lokacin da aka gaya masa sarakuna ba sa karɓar wasiƙar da ba hatimi. A sa alama a kan duk imel da ya fito daga wajen kamfani. A kuma nemi banki ya rage iyakar fitar kuɗi a ƙarshen mako da ranakun Sallah, ya riƙa aiko da sanarwa ga mutum biyu.

Na bakwai: a rage tallar kai. Labarin tafiya a ba da shi bayan an dawo. Takardun fito da na banki ba kayan zauren WhatsApp ba ne.

Na takwas: koyarwa, da barin ƙofar faɗar kuskure a buɗe. A zauna da ma'aikata ko sau ɗaya a wata uku, a nuna musu saƙonnin bogi na gaske da suka shigo, da harshen da suke ji, Hausa ko Tem ko Moba ko Faransanci. Masinja da mai gadi da direba su ma a sa su, domin ɓarawo ta ƙaramar ƙofa yake farawa. Wanda ya zo ya ce na latsa wani abu ina shakka, a gode masa a gaban mutane. In aka ci mutuncinsa, na gaba zai yi shiru.

Idan abin ya riga ya faru

Sa'o'in farko su ne komai. A kira banki ko kamfanin kuɗin waya nan take a nemi a tsayar da kuɗin ko a dawo da su, kafin a zauna neman mai laifi. A cire kwamfutar da ake zargi daga intanet, a canza kalmomin sirri daga wata na'ura daban. Kada a goge saƙonnin, su ne hujja. A kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Togo tana da doka kan tsaron intanet da yaƙi da laifukansa tun watan Disamba na 2018, akwai hukumar ANCy, akwai kuma cibiyar CERT.tg da kamfanin Cyber Defense Africa ke gudanarwa, wadda ke karɓar rahoton irin waɗannan hare-hare. Sannan a sanar da abokan ciniki, domin mai yiwuwa ana can ana rubuta musu da sunanku. Ɓoye abin don gudun kunya yana ba ɓarawo damar cin na gaba.

Amsar tambayar

Mu koma ga ɗan kasuwarmu. Game da akawu, ƙa'idar malamai ita ce ma'aikacin da aka damƙa wa dukiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka sa masa. Na tambayi maigidan: ka taɓa kafa dokar cewa a kira kafin a canza asusu? Ya ce a'a. Ka taɓa koya masa cewa akwai irin wannan damfara? Ya ce shi kansa bai sani ba. Na ce to yaron ya yi abin da aka saba yi a gidanka, ban ga hanyar yankar albashinsa ba. Da akwai doka bayyananniya ya tsallake ta, da hukuncin ya canza. Wannan ma dalili ne na rubuta dokokin, domin suna kare dukiyar maigida, suna kuma kare yaro daga zalunci.

Game da bashi kuwa, asali shi ne ba ya sauka sai kuɗi sun isa hannun mai su ko wakilinsa, kuma ɓarawo ba wakilin kowa ba ne. Sai dai in bincike ya nuna cewa akwatin imel na mai kayan ne aka shiga saboda sakacinsu, to akwai wurin magana, kuma sulhu a raba asarar ya fi, in ya gagara a je gaban alƙali.

Akwai kuma nasiha ga matasanmu. Waɗancan asusu 400 na mutane ne irinmu, waɗanda aka ce wa kawo lambarka a zuba kuɗi ka cire a ba ka lada. Wanda ya ba da asusunsa ko layinsa alhali ya sani, ko yana da ƙwaƙƙwaran zaton kuɗin sata ne, ya yi tarayya a cikin zunubin, ladan da ya karɓa haram ne, kuma sunansa ne hukuma za ta fara gani. Dukiyar wanda ba Musulmi ba da ta kamfanin ƙasar waje ma haramun ce a ci ta da yaudara, babu wani malamin kirki da ya halatta wannan.

Daga ƙarshe, ɗan kasuwar ya ce mini, Malam, ƙaddara ce. Na ce haƙiƙa ƙaddara ce, kuma Allah Ya mayar maka da alheri. Amma mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Ina roƙon duk maigidan da ya karanta wannan, kafin Juma'a mai zuwa ya tara yaransa ya ba su izinin su tambaye shi, ya kuma rubuta lambobin abokan cinikinsa a littafi guda da za a riƙa komawa gare shi.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu da mutuncinmu, Ya azurta mu da halal, Ya shiryi masu wannan aiki. Allah ne Mafi sani.